Jan Zaren 'Yar Tsattsewa

Ranar Litinin Hajiya ta shigo barga da takalminta mai tsini, tana tsallake kashin doki sai ka ce yau ta fara ganinsa, ta ce mini ranar Asabar mai amalanke zai zo ya tafi da Waccan.

"Ɗaki ɗaya masu ginin nan suka bar mana a bargar," in ji ta. "Goɗiya ɗaya zan iya riƙewa, kin kuma san wacce. 'Yar Tsattsewa ba ta barin gidan nan ko da ni zan koma kwana a turke. Na riga na yi magana da masu ingarman nan na bayan gari, baɗi za a kai ta barbara."

Na ce to. Me zan ce? Ita ce mai dawakin tun da Alhaji ya rasu, ni kuwa mai kula da su ce, aikin da na gada wurin Baba. Amma akwai abin da na sani ita ba ta sani ba. Goɗiyoyi biyu suka rage mana, Mai Zare da Waccan, kuma ni ban san wacce ce 'yar Tsattsewa a cikinsu ba. Shekara uku ke nan ina ɗauke da wannan rashin sani ni kaɗai.

Sai na faɗi ko wace ce Tsattsewa, don yaran yanzu in ka ambace ta tsuntsu suke zato. Goɗiya ce ja, 'yar ƙarama, mai faɗin ƙugu, wadda in ka gan ta a tsaye ba za ka ce ta iya komai ba ban da cin dusa. Tserenta huɗu na farko duk a baya ta zo, har Alhaji ya fara neman wanda zai rage masa ita. Daga na biyar ne ta gane abin da ake so da ita, kuma daga ranar ba a sake ganin gabanta ba sai bayanta. Sau goma sha bakwai ta ci tseren mita dubu. Ana buɗe ƙofa kafin sauran su gama tunanin tashi ta ba su tsawon doki biyu, shi ke nan kuma sai a haɗu a ƙarshe.

Amma fa mita dubun nan kawai ta sani. Wata shekara Alhaji ya yi kwaɗayi ya sa ta a tseren mita dubu biyu. Ta fita kamar kullum, ta bar kowa, tana kaiwa daidai alamar dubu ta ja birki ta sunkuya tana shinshinar ciyawa. Tsinke, mahayinta, ya wuce ta saman kunnuwanta ya ƙarasa wani ɓangaren tseren shi kaɗai. A gida kuwa malalaciya ce ta ƙarshe. In aka fita kilisa da safe tsohon dokin da ke ja mana ruwa ma sai ya wuce ta. Baba yakan ce ita ba ta gudu kyauta, sai ta ji hayaniyar mutane.

Tana da wani abu guda da mu uku kaɗai muka sani, ni da Baba da Tsinke. Duk ranar da ta yi gudu na gaske, jijiyar ƙafarta ta gaba ta hagu takan ɗauki ɗumi, can ƙasan gwiwa. Ba ɗingishi, ba kumburi, ɗumi kawai, wanda sai hannun Baba ke jin sa. Yakan tsaya da ita a ruwan sanyi, ya shafe wurin da yumɓu, ya naɗe, ya ja mana kunne kada maganar ta fita, don in abokan hamayya suka ji za su riƙa matsa mata daga hagu. Ko Alhaji har ya koma ga Allah bai sani ba.

Da ta daina gudu aka mayar da ita haihuwa. Maza huɗu ta jera, uku daga ciki sun ci kofuna, na huɗun ya gaji lalacinta bai gaji gudunta ba. Dukansu an sayar, an kuma dandaƙe su don tsere, saboda haka babu mai iri a cikinsu. Sai a cikinta na ƙarshe ta haifi mace, wata biyar bayan nan ciwon ciki ya kashe uwar. Wannan macen ita ce kaɗai hanyar da jinin Tsattsewa zai ci gaba.

Sai dai gwanar fili uwar banza ce. Ba ta taɓa yarda ɗanta ya kama nono ba, yana matsowa sai shuri. Don haka duk shekarar da take da ciki Baba yakan aro wata goɗiya mai haƙuri, a haɗa ta da ingarman gida a lokaci ɗaya, don su haihu kusa da juna ta shayar da biyu. A shekarar ƙarshe wata ƙatuwa aka aro, ja ita ma, muna ce mata Tulu. Tulu ba ta da takarda, ba a san uwarta ba balle kakarta, amma nono kamar famfo. Ta haifi mace kwana biyu kafin Tsattsewa ta haifi tata. Uba ɗaya, launi ɗaya, babu fari a goshi, babu fari a ƙafa, kamar an tsaga kara.

Baba kuwa ba ya rubutu. Ba don bai iya ba, raini ne kawai. Alhaji ya taɓa saya masa babban littafi don ya riƙa rubuta haihuwar dawaki, ya ɗauka ya tokare ƙafar akwatin dusa da shi, yana nan har yau. Shi tsarinsa jan zare ne. Duk abin da Tsattsewa ta haifa, ranar farko zai kitsa masa jan zare a gindin wutsiya. In ka ce masa zare ai yana tsinkewa, sai ya dube ka ya ce, "In ya tsinke ni na mutu ne?"

Bai mutu ba. Faɗuwa ya yi a bakin rijiya wata safiya, lokacin 'yan duƙusan suna da wata biyu, aka kwashe shi sai asibiti da shanyewar ɓarin jiki. Kwana uku ina zirga-zirga tsakanin asibiti da barga. Rana ta huɗu na shiga garken Tulu na tarar da jan zare a cikin kwamin ruwa, an tauna shi ya yi laushi. Ƙananan dawaki suna da wannan ɗabi'a ta cin wutsiyar juna, su biyun kuma kowacce ta cinye ta 'yar'uwarta ta bar guntu. Na tsaya ina kallonsu suna kallona. Manyan dawaki ne aikina, ƙananan Baba ba ya barin kowa ya taɓa, ni kuma ban taɓa duban wani abu a jikinsu ba ban da zaren. Na dubi Tulu ko za ta nuna mini tata, ta lashi wannan ta lashi waccan ta ci gaba da cin ciyawarta.

Ina cikin haka na ji hon ɗin motar Hajiya a bakin ƙofa. Baƙi ta kawo su ga 'yar Tsattsewa. Na zaro sabon zare daga gwangwanin Baba, wadda ta fara miƙo mini hanci na kama na kitsa mata. Na ce a raina in Baba ya dawo kallo ɗaya zai yi ya gyara, ba wanda zai ji. Baba ya dawo bayan wata guda da sanda a hannu, da ƙwaƙwalwar da ke zuwa tana tafiya kamar wutar lantarki.

Tun daga nan wadda na kitsa wa ta zama Mai Zare. Ita ke cin dusa mai kyau, ita ake wa wanka da sabulu, ita ake ɗauka hoto. Ɗayar ba wanda ya damu ya raɗa mata suna. "Ba wannan ba, waccan," "a fitar da waccan," har Waccan ya bi ta. An koya mata ɗaukar sirdi don ta riƙa yi wa Mai Zare rakiya, amma ba a taɓa sa ta gudu na gaske ba. Ni kuwa kullum cewa nake gobe zan faɗa wa Hajiya.

Ranar Talata da safe na kai wa Baba shayinsa a ɗakinsa na bayan barga. Yana zaune a kujerarsa ta bakin taga, yana kallon inda filin kilisa yake a da, inda yanzu aka jera bulo hawa uku.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya lau, Malama. Allurar ce kuma?"

"Ni ce, Baba. Autarka."

"To madalla," ya ce, irin yadda ake amsa wa baƙon da ba a so a kunyata.

Na durƙusa gabansa na riƙe masa kofin. "Baba, 'yar Tsattsewa ta ƙarshe, wadda Tulu ta shayar. Da me ake gane ta?"

"Da jan zare mana."

"In zaren ya faɗi fa?"

Ya gyara zama kamar ya tuna, har na fara sa rai. "Mai farin goshin ce," ya ce.

"Babu mai farin goshi a cikinsu, Baba."

"To wadda ta fi wayo."

"Wacce ta fi wayo?"

Ya dube ni da tausayi, kamar ni ce marar lafiyar. "Malama, Tsattsewa ai ba ta haihu ba tukuna. Tana da tsere ranar Lahadi. Ki ce wa yarinyar nan ta jiƙa yumɓu."

Yarinyar nan ni ce, shekara ashirin da suka wuce. Na fito kaina ya fi ɗaurewa fiye da yadda na shiga, ga haushi, kuma ban san wa zan ji wa haushin ba. Shi da ya ƙi rubutu, ko ni da na ƙi magana?

Laraba na tare likitan dabbobi da ya zo duba haƙoran Waccan kafin a miƙa ta. Na ja shi bayan rumbun ciyawa na ce tambaya zan yi masa a madadin wata ƙawata.

"Ƙawarki mai goɗiyoyi biyu jajaye?" ya ce, yana goge tabarau.

Na ga ba amfanin kwana-kwana, na faɗa masa komai. Ya mayar da tabarau a idonsa.

"Ana gwadawa," ya ce. "Gashi ake cirewa da saiwarsa, na 'yar da na uwar. Ko na Tsattsewa ko na Tulu, ɗaya ya isa."

Na ruga ɗakin Baba na ɗauko tsohon gwangwanin da yake ajiye gashin wutsiyar Tsattsewa, wanda ya yanka ranar da aka binne ta. Likita ya ɗaga shi a rana ya mayar mini.

"Da almakashi aka yanke wannan. Na tunawa ne, ba na gwaji ba. Tulun fa?"

"An mayar wa mai ita. Ya sayar wa wani, wanin ya sayar wa wani. Na bi sawu bara har na gaji."

"Takardar rajista fa? Ai suna zana inda gashi ya murɗe a goshi da wuya."

"Sun zana. Ni na riƙe musu Mai Zare suka zana."

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta yi mini daɗi ba. "Wato takardar ma ke ta bi. To ni dai abin da zan ce miki, ki faɗa wa Hajiya."

Kowa ya iya faɗin haka. Ba shi Hajiya za ta kalla ba.

Daga nan na koma kallon goɗiyoyin kamar mai neman aljani a jikinsu. In na dubi Mai Zare da safe sai in ga ƙugun Tsattsewa sak. In na dawo da rana sai in ga ƙugun ya koma jikin Waccan. Na ɗauko tsohon hoton ranar kofi na goma na kara a gefen fuskar kowacce, Mai Zare ta yi kama da ita ta ido, Waccan ta kunne, daga baya Waccan ta kama gefen hoton ta tauna. Na yi musu fito irin wanda Baba ke yi wa Tsattsewa, duk biyun suka zo, har da akuyar maƙwabta.

Alhamis Tsinke ya kawo dusa. Tun da ya bar hawa ya koma tuƙin motar abincin dabbobi, sunan ne kawai ya rage masa, don yanzu tumbinsa ke riga shi shiga ɗaki. Ya ga fuskata ya ce, "Ƙanwata, wa ya mutu?" Na faɗa masa. Ya zauna a kan buhu ya cire hula ya mayar.

"Shekara uku," ya ce. "Kina da zurfin ciki, wallahi."

"Ba yabo na tambaye ka ba, Yaya. Kai ka hau uwar sau ashirin da wani abu. Dube su ka faɗa mini."

Ya zagaya su sau biyu yana taɓa nan yana taɓa can, ya nuna Mai Zare. Na sauke ajiyar zuciya. Sai ya ce, "Tsaya," ya sake zagayawa, ya nuna Waccan. Sannan ya ce gaskiya shi bayan kunnuwanta ya fi sani, don nan ya yi shekaru yana kallo.

"A sa su gudu," ya ce daga ƙarshe. "Hanyar bayan katangar masu gini ta kusa mita dubu. Asabar da safe kafin mai amalanke ya ɗauka. Ni in hau Mai Zare, ke ki hau Waccan. 'Yar Tulu ba za ta iya da 'yar Tsattsewa ba ko da buhun siminti aka ɗora mata."

"Kai ɗin ai ka fi buhu biyu."

"Shi ya sa. In ta ci da ni a kanta, magana ta ƙare."

Na ce wa Hajiya muna so mu buɗe wa Mai Zare ƙirji, Waccan ta yi mata rakiyar ƙarshe. Ta ce za ta zo ta gani.

Asabar ta zo da rana mai kyau. Na fito da Baba na zaunar da shi a inuwar bakin barga da sandarsa, don ba a barinsa shi kaɗai a ɗaki. Hajiya ta tsaya kusa da shi da lema. Mai amalanke ya riga ya iso, wani dogon mutum mai yawan murmushi, ya jingina da motar da ya aro yana riƙe da sabuwar ragama. Bulo yake ja wa masu gini, ya ce, kuma ba ya dukan dabba. Na ji daɗin jin haka, ban kuma ji daɗi ba.

Muka tafi can ƙarshen hanya muka juyo. Tsinke ya ƙirga uku. Mai Zare ta fita kamar an harba ta, da shi da tumbinsa duka. Waccan kuwa ta tashi a sanyaye, kunne ɗaya gaba ɗaya baya, tana kallon injin kwaɓa siminti kamar za ta saya. Na matsa mata da dunduniya, ko gezau. Muna kaiwa tsakiyar hanya leburorin da ke saman gini suka hango mu, suka ajiye aiki suka hau tafi da ihu da buga kwanoni. Abin da ya faru daga nan har yau ban gama gane shi ba. Bayan goɗiyar ya yi ƙasa, wuyanta ya miƙe, iska ta cika mini baki, ƙafata ɗaya ta fita daga likkafa. Na ga wutsiyar Mai Zare tana matsowa kamar ana jawo mini ita. Sai muka wuce ginin, hayaniyar ta koma baya, Waccan ta saki gudun ta koma tafiyarta ta mai zuwa kasuwa. Mai Zare ta riga mu isa da tsawon doki shida ko fiye.

Na sauko. Na ce wa kaina tsorata ta yi da ƙarar kwanoni, kowane doki yana yin haka. Mai Zare ta ci, da ƙaton mutum a kanta, ga zare, ga takarda. Ashe hannuna ya yi sa'a shekara uku da suka wuce. Wani sanyi ya ratsa ni, har na ji ina son kowa, har da likita.

"Uwarta sak," in ji Hajiya, tana share ido da gefen mayafi. "Da Alhaji na nan."

Tsinke kuwa yana ta haki yana kallon Waccan ta gefen ido. Mai amalanke ya matso da ragamarsa.

Ba wanda ya lura da tashin Baba sai da muka ji ƙarar sandarsa a kan siminti. Dawaki biyu sun dawo daga gudu suna zufa a gabansa, jikinsa kuma ya san abin da ake yi in haka ta faru, ko da kansa bai sani ba. Ya jingina sandar da bango, ya dafa kafaɗar Mai Zare da hannunsa mai lafiya, ya sunkuya da ƙyar ya shafo ƙafar dama daga gwiwa zuwa kofato, ya koma ta hagu. Ya ɗan bubbuga mata wuya ya wuce. Ya zo kan Waccan. Dama, ya wuce. Hagu, hannun ya sauko ƙasan gwiwa ya tsaya.

Ya daɗe a haka, idonsa a rufe.

"Kin sake, ko?" ya ce mata a hankali. "Ba na hana ki ba? Ke ba ki jin hayaniya ki kama kanki." Ya ɗago ya dube mu, muryarsa ta dawo irin ta da, wadda in ya yi magana barga duka ke motsi. "Me kuke jira? A kawo ruwan sanyi da yumɓu. Kuma kada in ji maganar nan a bakin kowa."

Na durƙusa na sa hannuna inda nasa yake. Ɗumi ne? Ko tafin hannuna ne da ya sha linzami? Na taɓa ta dama, na dawo ta hagu, na sake komawa. Wani lokaci in ji bambanci, wani lokaci in ji babu. Na dubi Tsinke.

"Uwar ma ba ta taɓa cin kowa a gida ba," ya ce ƙasa-ƙasa. "Na manta da wannan, ni da na kawo shawarar."

"Wai me ake yi ne?" in ji Hajiya. "Wace magana ce ba a so a ji?"

Da na yi shiru da shi ke nan. Tsoho ne marar lafiya yana sambatu, kowa zai yarda da haka, mai amalanke ya ɗauki Waccan, ni in ci gaba da zama mutuniyar kirki. Na miƙe na faɗa mata komai, tun daga kwamin ruwa har hon ɗin motarta, har ɗumin ƙafar da aka ɓoye wa mijinta. Ina magana ina jin muryata kamar ta wata.

Hajiya ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta naɗe lemarta a hankali ta ce, "Wato shekara uku ina kawo mutane suna ɗaukar hoto da 'yar Tulu."

"Ban sani ba, Hajiya. Wataƙila ita ce, wataƙila ba ita ba ce."

"Wannan ta ci gudu a gabana. Tana da takarda. Waccan kuma me take da shi?"

"Hannun Baba."

"Babanki da ya gaishe ni ɗazu ya tambaye ni ko ni ce mai kawo madara?"

"Shi."

Ta dubi Baba, wanda ya riga ya zauna a ƙasa ya rungume ƙafar Waccan yana yi mata faɗa. Ta dubi Mai Zare, da ke tsaye tana sheƙi kamar amarya. Mai amalanke ya ce shi fa kowacce aka ba shi yana so, ba wanda ya kula shi.

"Ɗaki ɗaya ne, ba zai zama biyu ba," Hajiya ta ce. "Ke kika ɗaura zaren farko ba ki tambayi kowa ba. Ɗaura na biyun ma. In kin yi kuskure, ke za ki zauna da shi, ni na gaji. Takarda kuma ke za ki je ki yi wa masu rajista bayani da bakinki."

Na je bayan Mai Zare. Shekara uku ina wanke ta, ina cire mata ƙaya a geza, na san inda take son a sosa mata. Ta juyo tana shinshinar aljihuna don ta san akwai sukari. Na ba ta, na kwance zaren. Ban da tabbas, kuma na san ba zan taɓa samu ba sai ranar da Waccan ta haifi abin da zai shiga fili, shekara huɗu ko biyar nan gaba. Na dai san cewa a duk abubuwan da na gwada makon nan, hannun nan ne kaɗai bai yi kame-kame ba.

Na kitsa wa Waccan jan zaren a gindin wutsiya. Mai amalanke ya sa wa Mai Zare sabuwar ragamarsa yana ta godiya, ya ce bai taɓa mallakar dabba mai kyau haka ba. Ta hau motar ba gardama, don ta saba duk inda aka kai ta abin daɗi ne ke jiranta. Na yi kuka, ban ɓoye ba.

Da motar ta fita na ɗebo ruwa a bokiti, na jiƙa yumɓun da ya shekara uku a bushe a kusurwar rumbu, na kawo wa Baba. Ya karɓa ya shafa da hannu ɗaya, sumul, ba inda ya tsallake. Na riƙe masa bakin ƙyallen yana naɗewa. Da ya gama ya dubi kullin da na yi, ya gyaɗa kai, sannan ya ɗago ya ƙare mini kallo.

"Kin iya aiki," ya ce. "Ke 'yar wace ce?"

"'Yar mai kula da Tsattsewa ce, Baba."

"Ashe. Na san shi." Ya goge yumɓun hannunsa a rigarsa. "In kin koma gida ki ce masa ya riƙa rubuta abu. Zaren nan wata rana zai ba shi kunya."